Haɗa Kan Malaman Makaranta: Bayani ga Hakimai da Malamansu a Ƙasashen Tambuwal da Kebbe

An shirya wannan ɗan littafi domin hakimai da malaman hakimai na ƙasashen Tambuwal da Kebbe, saboda wata magana da ta shafi ko wane gida mai yaro a makaranta. Maganar kuwa ita ce yadda malaman makaranta guda za su zama ƙungiya mai aiki tare, maimakon ko wanne ya shiga ajinsa ya ja ƙofa, ya fito lokacin tashi, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya koyar. Sau da yawa in an ta da zancen gyaran makaranta, hankalin mutane ya kan tafi ga gini da kwanon rufi da kujeru. Lalle ana bukatar waɗannan duka. Amma a kan sami makarantar da aka yi wa sabon rufi, aka shafe ta da fenti, yaro kuwa ya shekara huɗu a cikinta bai iya karanta wasiƙar da aka aiko wa ubansa ba. In aka bi sawun abin, sau da yawa sai a tarar malaman suna da ilminsu daidai gwargwado. Abin da ya faru shi ne yaron ya bi ta hannun mutum huɗu, ba wanda ya miƙa shi ga na gaba da bayanin inda ya tsaya.

Ƙasashen nan biyu maƙwabtan juna ne, amma halinsu ya bambanta. Tambuwal tana kan babbar hanyar mota wadda ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, tana da manyan garuruwa irin su Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, ƙidayar 2006 kuwa ta ba ta mutum fiye da 220,000. Kebbe ta fi ta faɗin ƙasa ƙwarai, amma a wannan ƙidaya mutanenta ba su kai 130,000 ba. Ta yi iyaka da Jihar Kebbi da Jihar Zamfara, ƙauyukanta kuma a warwatse su ke. Watau a babban gari a kan sami makaranta mai malamai da yawa waɗanda ba su haɗa kai ba, a ƙauye mai nisa kuwa a sami malami biyu ko uku waɗanda ba su da abokin shawara. Ciwon biyu ne, maganin ko wanne kuma daban.

Abin da aka gada

Aikin koyarwa cikin ƙungiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Ko wane hakimi ya san yadda makarantar allo ta ke. Malam yana zaune, amma ba shi kaɗai ke biya wa yara karatu ba. Gardawa suna biya wa titibirai, su duba rubutun allunansu, titibiri ya kama wa kolo hannu, malam kuwa yana sauraron duka, in ya ji an karkata harafi ko daga nesa ne sai ya gyara. Ta haka mutum guda ya kan riƙe almajirai masu yawa, gardi kuma ya koyi koyarwa tun yana gaban malaminsa, kafin ya tafi ya kafa tasa tsangayar.

Misalin da ya fi wannan dacewa da maganar shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, 'yar'uwar Muhammadu Buhari wanda ya zauna a Tambuwal. Ta ga matan karkara suna da yawa, ita kuwa mutum guda ce, ba ta iya zuwa ko wane ƙauye. Sai ta zaɓi dattijan mata amintattu, ta naɗa ko wace jaji, ta ɗora mata malfa don jama'a su san da izini ta ke tafe. Jaji ta kan tattaro tsofaffin mata da 'yan mata na ƙauyenta, su ne 'yan taru, ta kawo su wurin Nana su ɗauki karatu a waƙe, yadda zai zauna a ka, sa'an nan su koma gida su koyar da matan auren da ba su sami fitowa ba. A lura da abu uku a cikin wannan shiri. Darasin iri ɗaya ne a ko wane ƙauye, gama daga tushe guda ya fito. Masu koyarwa suna komowa lokaci lokaci su ƙaro, a kuma ji abin da ya gagare su. Ko wace ƙungiya tana da shugaba wadda aka sani, aka girmama. Saboda ƙarfin wannan shiri, da Nana ta rasu aikin bai rasu tare da ita ba. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da shi a Wurno. Makarantar boko wadda ta cika waɗannan sharuɗɗa uku, ko da a ƙarƙashin rumfa ta ke, ta kama hanya.

Daga zamanin En'e zuwa yau

A zamanin En'e makarantun elementare kaɗan ne, malamansu ma kaɗan, hakimi kuwa ya san ko wane malami da sunansa, gama shi ke tara yaran da za a shigar. Akwai kuma malami mai zagayen makarantu, wanda ya kan sauka a makaranta ya zauna a bayan aji, ya ji darasi, ya duba littattafan yara, ya yi wa malami gyara a keɓe. Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsu ke kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, ya yi wannan aiki a Lardin Sakkwato cikin shekarun 1950, bayan ya yi babban malami a Argungu, tun da daɗewa kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello shi ma da ya gama Kwalejin Katsina a 1931 koyarwa ya fara a Midil ta Sakkwato, sai a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. Hakimin da ya ga malamin makaranta ya raina shi, ya tuna da wannan.

Shekarar 1976 ta sauya al'amura biyu a lokaci guda. Gyaran ƙananan hukumomi ya kafa sabon tsari a madadin En'e, aka kuma buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka cika makarantu, aka buɗe sababbi a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba, aka ɗauki malamai da gaggawa, waɗansu da ɗan horo kaɗan. Don haka ne a wannan shekara aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, domin malami ya ƙaro ilmi yana bakin aikinsa. Alheri ne babba da makarantu suka yawaita, amma wani abu ya ɓace a cikin gaggawar: sabon malami ya daina samun tsohon hannu da zai zauna kusa da shi. A ranar 30 ga Satumba 1999, a birnin Sakkwato, Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya, doka ta tabbatar da shi a 2004. A ƙarshen 2015 kuma Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a Jihar Sakkwato, aka ɗora wa Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar shugabancin kwamitin ba da shawara a kan ilmi. Wannan ya nuna cewa ko da ya ke ɗaukar malamai da biyansu da canja musu wurin aiki yanzu yana hannun hukumar ilmi ta jiha da ta ƙaramar hukuma, ba a cire sarauta daga sha'anin makaranta ba.

Rabon aiki a cikin makaranta

Mafarin haɗa kan malamai shi ne rabon azuzuwa, a nan kuma a ke yawan yin kuskure. Al'adar da aka saba ita ce a ba malamin da ya fi ƙwarewa aji shida, saboda jarrabawar fita, a tura wanda ya zo jiya ko wanda aka raina zuwa aji ɗaya, ana cewa ai yara ne ƙanana. Wannan gini ne aka fara daga rufi. A aji ɗaya da na biyu yaro ke koyon haɗa baƙi da wasali, in kuwa ya wuce nan bai iya ba, duk abin da za a rubuta masa a allo nan gaba zane ne kawai. Malamin aji shida, kome gwanintarsa, ba ya iya koyar da tarihin ƙasa ga yaron da bai iya karanta sunan garinsu ba. Babban malami mai hangen nesa ya kan sa mafi haƙuri da ƙwarewa a ƙananan azuzuwa, ya kuma bayyana a gaban sauran cewa girma aka ba shi, don kada ya ɗauka rage masa daraja aka yi.

Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Hakimai sun san akwai makarantun da lissafin ya yi nesa da haka. Inda malami uku ke riƙe da aji shida, dole a haɗa azuzuwa, haɗawar kuwa tana da dabara. A haɗa aji biyar da shida, gama manyan yara su kan iya yin aikin da aka ba su yayin da malami ya juya ga ɗaya ɓangaren. Aji ɗaya kuwa a bar shi shi kaɗai in da hali. Manyan yara masu ƙoƙari su taimaka wa ƙanana da bitar karatu, kamar yadda gardi ke yi a tsangaya, amma kada a mai da yaro malami a bar masa aji.

Akwai wani mutum da a kan manta da shi, watau malamin Arabiyya da addini. A makarantu da yawa ya kan shigo ya yi darasinsa ya fita, ba a kiransa shawara, kamar baƙo. Alhali kuwa sau da yawa shi ne ɗan gari, shi iyaye suka sani a masallaci, maganarsa su ke ji. Ban da haka yana da sanin da sauran ke bukata. Yaron da ya fara da allo ya saba rubutu daga dama zuwa hagu, saboda haka in ya kama fensir ya kan fara daga bakin dama na takarda, ko ya juya harafi, ya rubuta d a wurin b. Malamin aji ɗaya da bai san dalili ba sai ya ce yaron daƙiƙi ne. In su biyu suka zauna, sai a gane yaron ya riga ya san cewa alama tana ɗauke da sauti, wanda shi ne rabin karatu, abin da ya rage kawai a nuna masa sabuwar hanyar hannu.

Zaman mako

Ƙungiya ba ta tsayuwa sai da zama. Abin da ake nufi a nan zama ne na awa guda, rana ɗaya a mako bayan an tashi yara, wanda ba a zancen albashi ko kuɗin adashi a cikinsa. A kawo matsala guda tak, ta gaske. Misali, malamar aji biyu ta ce yaranta ba su rarrabe k da ƙ, ko malamin aji uku ya ce an kasa gane ɗebewa in ana bukatar aro daga gidan goma. Ko wane malami ya faɗi yadda shi ya ke yi, a zaɓi hanya guda, a shirya darasin tare. Cikin mako mai aji ya koyar, wani ya zauna a baya yana kallon yara, yana lura da inda suka gane da inda suka ɓace. A zama na gaba a ji abin da ya gani.

Wannan kallo shi ne wurin da ya fi wuya, gama malami ya kan ji kamar an zo kama shi da laifi. Maganinsa shi ne babban malami ya fara miƙa kansa, ya koyar a gaban na ƙasa da shi, ya ce a gaya masa inda ya gaza. In babba ya sha gyara bai ɓata rai ba, ƙarami ba zai ji kunya ba. Sharaɗi ne kuma kada abin da aka gani a aji ya fita zuwa bakin kasuwa. Ranar da aka ji 'yan gari suna dariyar malam wane bai iya lissafi ba, ran nan zaman ya mutu.

Malaman ƙasar Japan sun fi shekara 100 suna wannan irin nazarin darasi, daga 2006 kuma aka fara gwada irinsa a Nijeriya da taimakonsu, a jihohin Kaduna da Neja da Filato, wajen koyar da lissafi da kimiyya. A Jihar Sakkwato da ta Bauchi ma, shirin da Amurka ta tallafa wa daga 2015, wanda ya kawo littattafan Mu Karanta na ƙananan azuzuwa, ya sa malamai su riƙa zama a makarantarsu, sa'an nan lokaci lokaci na makarantun da ke kusa da juna su haɗu wuri guda. Wa'adin shirin ya ƙare, amma zaman ba ya bukatar kuɗin kowa. Haɗuwar makarantu maƙwabta ita ce ta fi dacewa da ƙauyukan ƙasar Kebbe, inda malami biyu ba su isa su yi ƙungiya ba. Makaranta huɗu ko biyar su ajiye rana ɗaya a wata, su riƙa zagayawa, yau a wannan gari gobe a wancan. Da damina, sa'ad da ruwa ya kan yanke hanya, ko lokacin da tafiya ta zama da hatsari saboda ɓarayin daji, a taƙaita ga waɗanda za su iya zuwa su koma da rana.

Sabon malami kuwa, ko da ya zo da takardar NCE daga Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari, a haɗa shi da tsohon hannu har zango uku. Takarda ta shaida ya yi karatu, ba ta koya masa yadda a ke tsai da yara sittin da suka shigo ba su karya kumallo ba. Dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 na aiki. Inda aka yi aiki da ita, babbar ribarta ita ce dattijan malamai su yi renon na baya. A ƙarshen shekara kuma ko wane malami ya rubuta wa mai karɓar ajinsa takarda guda: waɗanne yara ke karanta jimla, waɗanne ke haɗa gaɓa kawai, waɗanne ba su san baƙi ba tukuna.

Abin da ke rushe ƙungiya

Babban mai rushewa shi ne rashin zuwa. Malamin da ke kwana a babban gari yana hawan babur zuwa ƙauye ya kan iso rana ta take, ya tashi kafin azahar, ran kasuwa kuwa ba a ganinsa. Nauyinsa sai ya faɗa kan wanda ya zo, wanda ya zo kuma in ya ga ba abin da ya sami wancan, shi ma gwiwarsa ta yi sanyi. Na biyu shi ne son kai na shugaba: babban malamin da ya kulle littattafai da alli a ofis, wanda in an kira horo a Sakkwato kullum shi da abokinsa ke tafiya, su dawo ba su gaya wa kowa abin da aka koya ba. Ƙa'idar da ta kamata ita ce duk wanda ya je horo, zaman mako na gaba nasa ne, ya juye wa sauran abin da ya samo. Sai kuma yawan canjin wurin aiki a tsakiyar shekara, wanda ya kan raba mutanen da suka fara fahimtar juna.

Malamai mata suna da tasu wahalar. Iyaye da yawa sun fi sakin jiki su bar 'ya mace ta daɗe a makaranta in akwai malama, amma malama ba ta iya zama a ƙauyen da ba ta da muharrami ko amintaccen masauki, in kuma aka sa zaman malamai da la'asar sakaliya ba za ta samu halarta ba. Wannan abu ne da gari ke iya gyarawa ba sai an jira Gwamnati ba.

Rabon hakimi da malaminsa

Hakimi ba sufeton makaranta ba ne, ba kuwa aikinsa ba ne ya gyara wa malami darasi ko ya tsawata masa a gaban yara. Amma akwai abubuwan da shi kaɗai ke iya yi cikin sauƙi. Shi zai umurci dagaci ya samar wa baƙon malami ɗaki mai kyau da 'yar gona, a gabatar da shi a masallacin Juma'a, a riƙa kiransa suna da ɗaurin aure, har ya ji shi ɗan gari ne ya daina gudu birni. In saɓani ya shiga tsakanin babban malami da na ƙasa da shi, ko tsakanin malami da uban yaro, sulhun zaure ya fi takardar ƙara, gama takarda ta kan ƙare da canji, makaranta ta yi asarar mutum. Kwamitin kula da makaranta, wanda a kan sa wakilin sarauta da na iyaye da na mata a cikinsa, hakimi ya tabbata yana zama da gaske, ba sunaye ne a takarda ba.

Akwai kuma abin da ya kamata hakimi ya kame daga gare shi, ko da ya ke da wuya. Za a zo masa da roƙo ya sa baki a mai da ɗan wane daga ƙauye zuwa cikin gari, ko a rufa wa wane asiri ga shi ba ya zuwa aiki. Ko wane irin wannan alfarma, yaran wani ƙauye na ƙasarsa ne ke biyan kuɗinta. In malami ya ƙi jin nasihar babban malami da ta dagaci da ta hakimi, sai a rubuta wa sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, da kwanan wata da adadin ranakun da bai zo ba.

Nan ne aikin malamin hakimi ya shigo. Ya keɓe littafi guda na makarantu, ko wace makaranta da shafinta: sunayen malamai, wanda ke kwana a garin da wanda ke zuwa daga nesa, wanda ke riƙe da aji ɗaya, da ranar da a ke zaman mako. In an fita rangadi, a biya makaranta ba tare da an aika tukuna ba. Bayan gaisuwa, a roƙi babban malami ya nuna littafin da a ke rubuta abin da aka tattauna a zama, a duba kwanan watan zaman ƙarshe. Sa'an nan da izininsa a kira yara biyar daga aji uku, ba waɗanda malami ya zaɓa ba, a ba ko wanne gajeren labari na Hausa ya karanta na minti guda. Malamin hakimi ya rubuta nawa suka karanta sarai, nawa suka yi ta cije-cije, nawa suka yi shiru. Kada a yi faɗa a wurin ko me aka gani. A rubuta, a yi godiya, a ce za a komo bayan wata uku da wani labarin.